Lallen da Ya Ƙi Ƙasar Juji

Tun ranar da aka sa ranar aurensa da Bahijja, Zaharadeen ya daina tafiya irin ta sauran mutane. Abokan aikinsa a shagon kafinta suka ce ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Yana goge katako yana murmushi, sai an kira shi sau uku kafin ya ji. Shi kuwa ko a jikinsa, domin yana da gida. Kalmar nan yake ta juyawa a bakinsa kamar alewa: gida, ɗaki biyu da falo, a sabuwar unguwar da ke bayan garin Kazaure, inda in ka tsaya a ƙofa da yamma za ka hango duwatsu suna sauya launi. Ƙofofi da tagogi duk shi ya yi su da hannunsa. A jikin ƙofar ɗakin amarya kuwa, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ya sassaƙa sunanta da ƙananan baƙaƙe.

Gidan nan shi ne sharaɗin auren. Malam Mele, mahaifin Bahijja, mai sayar da hatsi ne wanda ba ya maimaita magana. Ranar da manya suka je neman aure, abu ɗaya ya faɗa:

"Ba na neman komai a wurin yaron nan sai inda zai ajiye mini 'ya. Ba haya ba, ba aro ba. In babu, a jira har a samu."

Filin da Zaharadeen ya samu yana da tarihi, kuma ba a ɓoye masa ba. Wani ƙaton kududdufi ne a da, wanda rabin gari ya yi shekaru yana zuba shara a ciki. Da ya cika aka zo da motoci aka bi shi da jar ƙasa, aka daddaɓe, bayan 'yan shekaru aka yanka filaye. Wannan labari bai tsorata Zaharadeen ba, daɗi ma ya yi masa. Shi ɗan manomi ne daga Roni. Ya tashi yana ganin yadda ake ɗora wa jakuna mangalar takin juji ana kaiwa gona kafin ruwan farko, ya kuma ga yadda dawa take yin baƙi-ƙirin don ƙoshi a duk inda aka zuba shi. A wurinsa ƙasar juji albarka ce tsantsa.

"In ka soke sanda a tsakar gidan nan sai ta yi ganye," in ji shi ga duk wanda ya tsaya saurare.

Shi ya sa da Bahijja ta ce masa ba ta son komai a gidanta kamar bishiyar lalle, irin wadda kakarta take da ita a da, bai ko yi tunani ba ya dafa ƙirji. Ya ce ranar da za a kawo ta, za ta tarar da lallenta ya yi ganye yana jiranta.

Ya sayo dashe ya dasa, ya kewaye shi da kara, yana ba shi ruwa safe da yamma. Sati biyu ganyen ya yi rawaya, ya fara zuba. Zaharadeen ya tone shi, amma hannunsa ya kasa jefar da abin da ya riga ya kira da sunan Bahijja. Ranar Juma'a ya naɗe shi a leda, ya hau babur ya kai wa yayarsa a Roni, wadda kowa yake kira Adda, ya ce ta yi yadda ta ga dama da shi. Ya sayo na biyu. Shi ma haka. Na uku ma ya bi sahunsu zuwa Roni, ya dasa na huɗu. Da yake amarya ba ta zuwa ganin gidanta kafin a kai ta, hotuna yake tura mata ta waya, yana karkata wayar yadda dashen zai fito da girma.

Wata ranar Laraba bayan la'asar ya je zance. Bahijja tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin duba-gari, hutun biki ne ya dawo da ita gida. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, kakarta Ya Kura tana daga bakin ƙofa tana tsintar wake, kunnenta kuwa yana wurinsu.

"Malam kafinta," in ji Bahijja, tana miƙo masa wayarta, "zo ka ga abin al'ajabi. Wannan lallena ne wata biyu da suka wuce, ya kai gwiwa. Wannan na watan jiya, reshe biyu. Wannan na shekaranjiya, ko taƙi ɗaya bai kai ba. Mu dai a makaranta an koya mana tsiro sama yake yi. Naka ƙasa yake komawa?"

Zufa ta karyo masa. "Akuya ce," ya ce.

"Akuya?"

"Ta maƙwabta. Wata ja."

"Ikon Allah. Ta ci ganyen, ta kuma canza masa kara?"

Ya Kura ta tuntsire da dariya har wake ya zube. "Ke, ƙyale mini angona! Yaro, kar ka yarda ta tsare ka da tambaya. Tun tana goye haka take, har nono sai ta duba kafin ta sha."

"Ruwa ne matsalar," Zaharadeen ya yi sauri ya gyara. "Ruwan 'yan garuwa bai karɓe shi ba. Rijiya zan haƙa miki, Bahijja, a tsakar gidanki. Ke da sayen ruwa har abada."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta, murmushi ya ƙi ɓoyuwa. Shi kuwa ya fita daga zauren nan yana jin zai iya haƙa rijiyar da farcensa.

Ya ɗauko Malam Lauwali, tsohon mahaƙin rijiya mai farin gemu, wanda yake ji da gemun nan kamar ɗan fari. Aka fara haƙa saura kwana goma sha ɗaya biki. Bayan jar ƙasa sai aka shiga wata baƙa mai danshi, guga yana fitowa da leda, da tsofaffin takalma, da gwangwanaye, har da rabin tukunya. A kwana na uku Malam Lauwali ya fito yana dafe da kai, ya ce jiri yake ji, amma ya ɗora laifin a kan rashin karin kumallo.

Rana ta huɗu da safe ramin ya wuce gaba uku. Malam Lauwali yana da ƙa'idar da ya gada daga mahaifinsa: da zarar rijiya ta kai nan, ba ya shiga sai ya fara zura fitila. In ta ci gaba da ci, iskar ƙasa lafiya take. In ta mutu, to mutum ma zai iya mutuwa, sai a jira a yi ta kaɗa ganye a ramin. Ya kunna 'yar a-ci-balbal ɗinsa, ya ɗaura mata igiya, ya yi bisimilla, ya leƙa yana sassautawa a hankali.

Fitilar ba ta mutu ba. Ramin ne ya ce fuuu! Wata wuta shuɗiya ta taso kamar an watso ta daga ƙasa, ta wuce bakin rijiyar, ta lashi iska, ta ɓace. Malam Lauwali ya faɗi da baya yana salati. Zaharadeen ya ruga ya ja shi gefe, yana shafa fuskarsa da ƙirjinsa yana neman ƙuna. Babu. Sai dai gemun nan, gefen dama ya tafi, wurin sai ƙauri yake.

Tsohon ya shafa haɓarsa, ya dubi hannunsa, ya sake shafawa.

"Shekara talatin ina haƙar rijiya," ya ce. "Fitila ko ta ci ko ta mutu. Yau ce ranar farko da rijiya ta mayar mini da martani."

Dariya ta ƙwace wa Zaharadeen, irin wadda take zuwa bayan tsoro, har da hawaye. Malam Lauwali ya harare shi, sannan shi ma ya fashe. Amma da suka natsu sai tsohon ya matso, ya rage murya.

"Ɗana, wurin nan da masu shi. Ka ji shawarata. Mu mayar da ƙasa mu rufe, ka yi sadakar ƙosai, ka ja bakinka ka yi shiru. Ni ba zan faɗa wa kowa ba, gemun ma zan ce garwashin shayi ne. Saura kwana takwas. Ka san Malam Mele."

Ya san shi kuwa. Bayan tafiyar tsohon, Zaharadeen ya shiga ɗakin amarya ya zauna a ƙasa. Fenti sabo, silin fari tas, ga ƙofarsa tana sheƙi. Rufe rami aikin yini ɗaya ne. Yana cikin wannan tunani sai ya ji kansa ya fara sarawa, ya tuna cewa duk ranar da ya rufe tagogi yana aiki a ɗakin nan haka yake ji, yana cewa warin fenti ne. Ya tuna dashe huɗu. Sai ya hango Bahijja a ɗakin girkin can, da lallen amarci a hannunta, ta sunkuya tana ƙyasta ashana don girkinta na farko.

Bai san lokacin da ya miƙe ya fita waje ba. Ya kira ta a waya, ya faɗa mata komai, har da akuyar da babu ita.

Da ta yi magana, muryar ba ta zance ba ce.

"Kana ina yanzu?"

"Ƙofar gida."

"Tagogi a buɗe suke?"

"A buɗe."

"To kar ka koma ciki. Kar a kunna komai, ko sigari kar wani ya matso da ita. Babur ɗinka ma tura shi za ka yi har bakin titi kafin ka tayar. Zaharadeen?"

"Na'am."

"Ka kyauta da ka kira ni."

Washegari da hantsi aka yi abin da unguwar ba ta taɓa gani ba: amarya ta zo gidanta saura kwana bakwai a kawo ta. Ta zo ne a bayan Malama Dela, babbar duba-garin da ta yi aikin koyo a ƙarƙashinta, wadda ta aro wata 'yar na'ura mai auna iska. Ya Kura ta biyo su a matsayin mai tsaron al'ada, ta ce in dai da ita a wurin, ba zuwa ganin gida aka yi ba, rakiya ce.

A bakin rijiya na'urar ta kama kuka kamar ɗan tsako. A tsakar gida ta yi shiru. A ɗakin girki, daidai wata 'yar tsaga a siminti, ta sake ɗauka.

"Ka ga, ango," in ji Malama Dela, "shara ba ta mutuwa don an rufe ta da ƙasa. Tana can tana ruɓewa, tana fitar da iska shekara da shekaru. Takin da kuke kaiwa gona a sarari yake, iska tana kwashe abin da ya fitar. Wannan kuwa an danne shi, sai ya nemi hanya: rami, tsaga, masai, ƙarƙashin ɗaki. Wata iskar tana kamawa da wuta, ka gani da idonka. Wata tana korar wadda muke shaƙa, mutum ya yi ta ciwon kai da jiri, in ɗaki a rufe yake ya kwanta bai tashi ba. Saiwar lallenka ma numfashi take nema ta rasa."

"Ba masu wurin ba ne ke nan?" in ji Malam Lauwali, wanda ya zo da rawani ya rufe haɓa.

"Masu wurin?" Ya Kura ta riƙe baki tana dube-dube. "Kai, tsaya. Ba nan ne kududdufin bayan gari ba? Lauwali, ai ni ce masu wurin! Shekara ashirin ina aiko da shara nan. Rabin abin da ke ƙarƙashin ƙafarka nawa ne. In ka ga wata tukunya mai fasasshen baki, a ba ni kayata."

Kowa ya yi dariya ban da Zaharadeen. "Malama, gidan fa?" ya tambaya.

Ba ta ɓoye masa ba. Rijiya dai a cike ta, ruwan wurin ba na sha ba ne. Za a yi rami a kewaye da ginin a zuba tsakuwa, a kafa bututai su riƙa fitar da iskar sama, a toshe tsagogi, a ƙara tagogi. Sannan a yi ta awo har bayan damina. In na'ura ta yi shiru, sai a sake magana. Kafin nan ba mai kwana a ciki. Ta ce za ta kai rahoto ofis, ta kuma bi sauran masu gini a layin ɗaya bayan ɗaya.

Zaharadeen ya juya don kar a ga idonsa. Sai ya hangi Bahijja ta tsuguna a bakin ɗakin da aka gina dominta, wai tana duba tsaga. Yatsanta yana kan ƙasan ƙofar, yana bin baƙaƙen nan ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗago ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. Shi kuwa a ransa ya ce ko yau duniya ta tashi, an dai karanta.

Da yamma ya tafi Roni ya sanar da gida. Adda ta saurare shi har ya gama, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ka gama kukan?" ta ce. "Taso ka gani."

Ta ja shi bayan ɗakin marigayiya mahaifiyarsu, inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa. Ya tsaya cak. Lalle uku ne a jere, kore shar, ƙananan ganye sun rufe su har ƙasa. Na farkon ya kusa kai masa ƙugu.

"Gawarwakin da kake kawo mini ke nan," in ji Adda. "Soke su kawai na yi. Ni na ɗauka ma sana'ar dashe ka koma."

Ya durƙusa ya taɓa ganyen kamar mai taɓa jariri.

"Ɗakin Inna kuma naka ne," ta ci gaba. "Da aka raba gado kai aka ba, ka ce kai ɗan birni ne."

"Adda, ɗakin ƙasa ne fa. Bahijja kuwa 'yar makaranta ce."

"Kai kuma kafinta ne ko mai sayar da goro? Kwana shida bai ishe ka silin da taga ba? Yaɓe da farar ƙasa ka bar mana, mu mata mun iya abinmu."

Da safe baffansa Sama'ilu ya saka babbar riga, suka nufi gidan Malam Mele. Zaharadeen ya zauna a ƙasa can gefe, kansa a sunkuye. Baffa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yi bayani mai tsawo, ya kawo maganar ɗakin Roni a ƙarshe cikin kunya, ya ce in an ce a ɗaga rana, su masu biyayya ne.

Malam Mele ya daɗe yana jan carbi. Ya riga ya ji komai daga bakin mahaifiyarsa Ya Kura, har da muryar na'ura, wadda ta kwaikwaya masa sau uku.

"Zaharadeen."

"Na'am, Baba."

"Da wutar ta tashi, wa ya gani?"

"Ni da Malam Lauwali."

"Sai kuma wa?"

"Babu kowa, Baba."

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali. "Ɗakin nan na Roni, haya ne?"

"A'a, Baba."

"Aro ne?"

"Gadona ne."

"Ƙarƙashinsa fa, me aka binne?"

Baffa Sama'ilu ya yi gyaran murya. "Allah ya gafarta Malam, in ban da cibiyarsa, babu komai."

Gefen bakin Malam Mele ya motsa, abin da masu saye a kasuwa suke rantsuwa ba su taɓa gani ba.

"To me ya kawo ku da sassafe? Rana tana nan inda aka sa ta." Ya miƙe yana gyara hula, sannan ya waiwayo. "Ƙofar can da ka yi, a ciro ta a kai Roni. An ce akwai karatu a ƙasanta."

Zaharadeen ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige don kunya, amma farin ciki ya hana ta tsagewa.

Kwana shidan nan Roni ba ta huta ba. Abokan shago suka zo da zarto da guduma, mata suka yi yaɓe suna waƙa, 'yan jere suka sauya hanya da kayan ɗaki, ƙofa ta iso a bayan a-kori-kura an naɗe ta da bargo kamar mara lafiya. A can Kazaure kuwa an cike rijiya, an fara haƙa ramin tsakuwa, masu ginin layin suna ta zuwa kallon na'urar Malama Dela. Ranar ɗaurin aure Malam Lauwali ya zo da gemu an daidaita shi gajere, yana ba da labarin wutar ga duk wanda ya ba shi hannu. Kafin a raba goro tsawonta ya kai na bishiyar kuka.

Aka kawo amarya da yamma, rana tana shirin faɗuwa, guɗa tana tashi har bayan gari. Washegari da hantsi, gida ya ɗan lafa, Zaharadeen ya ce ta zo ta ga wani abu. Ta biyo shi bayan ɗaki tana ɗage zani saboda laima. Da ta ga lallen sai ta tsaya, ta rufe baki da hannu biyu.

"Na ce za ki tarar ya yi ganye," ya ce.

Ta ƙirga su da yatsa. "Ɗaya, biyu, uku." Ta dube shi ta gefen ido. "Malam kafinta, wanne ne a ciki akuyar ta ci?"

"Ja ce fa," ya ce. "Ba ki ga ɓarnar da ta yi ba."

Daga cikin gida Adda ta ɗaga murya tana tambayar wace akuya ake magana, ita dai ba ta da ja. Bahijja ta yi ta dariya har ta dafa bango. Sannan ta tsuguna, ta tsinki ganye uku, ɗaya daga kowanne, ta murza su a tafin hannunta, ta kai hanci ta shaƙa.

"Na huɗun yana can shi kaɗai," ta ce. "Gobe ka je ka ɗauko mini shi."